Ɗan jam'iyya da mai goyon bayan kulob, duk kanwar ja ce?

Malam: Jama'a, ina nan kan bakana. Yawancin 'yan gani-kashe-nin jam'iyya riga suke karewa, kamar masu kallon ƙwallo. A 1951 jami'o'in Princeton da Dartmouth na Amurka sun buga wasa mai zafi. Masana biyu, Hastorf da Cantril, suka nuna wa ɗaliban makarantun fim ɗin wasan, iri ɗaya sak. Laifuffukan Dartmouth da 'yan Princeton suka ƙirga sun ninka waɗanda 'yan Dartmouth suka gani. Laifi tudu ne.

Hajiya: Malam, ban yarda ba. Kulob ɗinka ya sha kashi, ka kwana da takaici, gari ya waye ka kama harkarka. Jam'iyya kuwa in ta ci zaɓe, ita ke yanka haraji, ita ke da makaranta da asibiti. Wanda ya riƙe ta don tana kare masa haƙƙi, ta yaya za ka kira shi ɗan kallo?

Auta: Hajiya, a yi mini haƙuri in sa baki. Da Figo ya bar Barcelona ya koma Real Madrid a 2000, waɗanda suka ɗauke shi gwarzo su suka koma jifansa, har da kan alade a 2002. Ƙafarsa ba ta canja ba. Haka ake yi wa ɗan siyasar da ya sauya sheƙa: jiya adali, yau maci amana.

Hajiya: Ɗana, wani lokacin ai maci amanar ne. Da ƙuri'ar mutane ya gudu.

Malam: To me ya sa in ya shigo wajenmu sai a yafe masa komai? Wani masani, Henri Tajfel, ya raba yara 'yan makaranta gida biyu a Bristol ta Ingila, ya ce musu a kan zanen da kowa ya fi so ne kawai. Ba su san ma su wane ne 'yan rukuninsu ba, amma da aka ba su rabo sai kowa ya fifita nasa. Ƙabilanci ba ya jiran jini ko harshe.

Baba: 'Ya'yana, abin ya daɗe. A 532 magoya bayan tseren keken doki, masu shuɗi da masu kore, sun kusa kifar da Sarki Justinian a birnin da yau ake kira Istanbul. Kimanin mutum 30,000 aka kashe. Berlusconi na Italiya ma, mai kulob ɗin AC Milan a lokacin, da kirarin filin wasa ya raɗa wa jam'iyyarsa suna, Forza Italia, ya ci zaɓen 1994.

Hajiya: Baba, na ji. Amma wannan magana tana kashe wa matasa gwiwa. In ka ce musu duk ihun fili ne, ranar zaɓe sai su zauna a gida, kuma hakan yana damuna ƙwarai.

Malam: Su fito su yi zaɓe, Hajiya. Abin da nake roƙo kaɗan ne: ki faɗa mana laifi ɗaya na jam'iyyarki ba tare da kin ambaci na ɗaya ɓangaren ba.

Hajiya: Zan faɗi uku ma. Amma kai za ka fara, Malam.