Shaf ɗin gaban Hilux ɗina ya karye a fadama: walda ko canji?

Baban Khalifa

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar waɗanda suka san kan mota, don kaina ya ɗaure.

Ina da Hilux ƙirar 2008, mai shan gas, mai jan taya huɗu. Ita ke kai mini taki da iri gonar shinkafa a fadamar Auyo, da kaka kuma ita ke kwaso shanshera zuwa Haɗeja. Ranar Talata na loda mata taki buhu 18, muka kama hanyar gona bayan ruwan dare. Akwai wani kwari da ruwa ke kwanciya, nan ta kafe. Na sa mata L4, wato ƙaramin giya mai jan taya huɗu, yara uku suna turawa, ni kuma na murɗe sitiyari har ƙarshe don in kauce wa ramin, na taka totur. Tayar gaba ta dama ta yi ta wulwulawa a banza tana watsa wa yaran laka, can sai ta sami ƙasa mai tauri ta kama. Ji na yi "ƙas!" kamar an karya busasshen reshe. Daga nan gaba ya daina ja. Sai da muka sauke buhu goma, tarakta ta zo ta fizgo mu.

Bakaniken unguwarmu ya kwanta ya leƙa, ya ce shaf ɗin dama ne, wato sandar ƙarfen da ke juya tayar gaba, ya tsinke daf da inda yake shiga taya. Wai in na yarda zai zura masa guntun bututu a yi walda, ya kai ni kaka. In ba haka ba sai Kano, ɗan Beljiyam ko sabo. Aljihu kuwa a bushe yake, kuɗin duk sun shige taki da masu dashe.

Ba zan ɓoye ba, tun kafin azumi take yin "ƙat-ƙat-ƙat" in na sha kwana, na kuma ga baƙin giris ya fantsama cikin tayar, na ce sai na sami sarari.

Waldar za ta riƙe? Kuma zan iya lallaɓa ta a haka zuwa Kano?

Bakaniken Panteka

Wa alaikumus salam. Alhaji, Allah ya kiyaye gaba, ya mayar da alheri.

Wannan shaf ba ranar Talata ya mutu ba, ranar Talata dai aka yi jana'izarsa. Giris ɗin da ka gani a taya, robar kan shaf ce ta yage. Da ta yage giris ya fita, yashi da ruwan fadama suka shiga, suka yi ta cin ƙwallayen da ke cikin kan. Ƙarar da kake ji a kwana ita ce shaida. Sannan ka haɗa masa abu uku lokaci guda: lodi, sitiyari a murɗe, da taya mai gudu a banza da ta kama ƙasa farat ɗaya. A murɗe ne kan shaf ya fi rauni, L4 kuma tana ninka ƙarfin injin fiye da sau biyu. Ko lafiyayye ne yana iya tafiya a haka.

Walda kam kada ka soma. Ƙarfen shaf tun daga masana'anta aka gasa shi aka ba shi tauri. Wutar walda tana kashe wannan taurin, sai ka ga waldar na nan daram amma ya sake tsinkewa a gefenta. Kuma ba mai waldar da zai miƙe shi sak da ido. In ya ɗan karkace zai riƙa kaɗawa, ya cinye maka oyil sil, man aksil ya tsiyaye, ka tashi daga sayen shaf ka koma sayen aksil ɗin gaba ɗungurungum.

Zuwa Kano za ta je a H2, wato jan taya biyu, tunda baya ne ke tura ta. Amma ka tsaya a kan bakaniken ka ga abin da zai yi. Ya zare sandar da ta karye kawai, don kada ta yi ta dukan tiyon burki. Kan ciki ya bar shi a jikin aksil, shi ke toshe mai. Kan waje kuma, wanda babban noti ke ɗaure a tsakiyar taya, kada ya kuskura ya cire shi. A irin motarka wannan notin ne ke matse boris ɗin taya. Na taɓa karɓar wadda aka cire mata shi aka ce "ai ba ya aiki", ko kilomita ashirin ba ta yi ba taya ta kwanta. Ka tafi ba lodi, a hankali.

Ɗan Damagaram

Sannu Alhaji. Mu nan kardan muke ce wa shaf. Shekarata 22 ina jan Land Cruiser a-kori-kura tsakanin Damagaram da Agadas, ita aksil ɗin gabanta guda ne sandararre, shaf na ɓoye cikin bututun ƙarfe, ba kamar taku da roba ke waje tana shan ƙaya da kututture ba. Duk da haka in ka yi mata abin da ka yi wa taka, ita ma kan nata fashewa yake.

Mota in ta kafe ba totur take so ba. Ɗaga ƙafa, miƙe sitiyari, rage iskar taya, a haƙe gaban tayoyin a sa itace ko kara, a sauke kaya tun farko. Buhu goman nan da ka sauke daga baya, da su ka fara da yanzu ba mu wannan zance. Kuma ka tambayi duk yaron da ke ɗaukar motar ko yana barin ta a H4, wato jan taya huɗu, bisa kwalta. Hilux irin wannan ba ta da abin da ke raba gudu tsakanin gaba da baya, in ƙasa ta yi tauri sai ƙarafan su yi ta murɗe juna a kowace kwana.

Auta Direba

Oga na Panteka, a yi mini afuwa, ni fa an taɓa yi mini waldar nan ta yi wata huɗu. To amma gaskiya ban sake sa ta a taɓo ba, ranar da na gwada kuwa a ranar ta tsinke. Tambayata, tunda Baba ya ce ba kuɗi, ɗan Beljiyam fa? Ni na fi yarda da shi a kan sabon kwalin da ake kawowa yanzu.

Bakaniken Panteka

Auta, ai ka ba kanka amsa. Shaf ɗin da ba zai shiga taɓo ba, me Alhaji zai yi da shi a fadama?

Ɗan Beljiyam na asali mai lafiya ya fi sabo na jabu, wannan haka ne. Sai dai a je da tsohon a hannu, a jera su a ƙasa, a gwada tsawo, a ƙirga haƙoran kai da kai. A riƙe sandar a murɗa kan: in yana yin laƙwai-laƙwai ko yana cijewa, a ajiye. Roba in ta fara tsattsagewa a canja ta kafin a ɗaura, a wanke ciki a cika da baƙin giris na shaf, ba ruwan ɗorawan nan na boris ba. A sa sabon oyil sil, a duba man aksil. Babban notin da awo ake ɗaure shi, 235 Nm, a sa sabon fin, ba yaro ya hau kan bututu ya yi ta tsalle ba.

Baban Khalifa

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Jiya na lallaɓa ta zuwa Kano yadda Oga ya ce, na sami ɗan Beljiyam a Ƙofar Ruwa. Na uku da aka fito da shi na ɗauka, na farko gajere ne, na biyu kansa na rawa. Tunkiyar uwargida ce ta biya, da alƙawarin biyu in an yi girbi.

Da aka fasa kan tsohon a gabana sai jikina ya yi sanyi. Ragar da ke riƙe ƙwallayen ta dare gida uku, giris ɗin ya koma kamar kunun yashi, na murza a yatsa yana ƙaras-ƙaras. Ashe ko an yi wa sandar walda, kan ma ya riga ya gama.

Malam na Damagaram, na tambayi Khalifa. Ya sunkuyar da kai ya ce tun bikin ƙanwar mamarsa yake sa H4 in ana ruwa, wai ta fi kama titi. Na karɓe makullin.

Oga, an duba na hagu, robarsa ta fara tsagewa amma bai fara ƙara ba. Robar kaɗai zan canja, ko shi ma in fara tara kuɗinsa?