Haruffa masu lanƙwasa sun koma alamar tambaya

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Don Allah a agaza mini, kwana uku ke nan ina fama.

Na kafa WordPress, manhajar gina shafin intanet, a kwamfutata da XAMPP (manhajar da ke ba da damar gudanar da shafi a kan kwamfutar mutum) don in riƙa gwada gyare-gyare kafin in taɓa shafina na gaske, tunda kyauta ne kuma ba ya cin data. Na kwaso rumbun bayanan shafin na gaske ta phpMyAdmin, manhajar sarrafa rumbun bayanai, na zuba a na kwamfutar. Komai ya hau lafiya, sai dai ƙ, ɗ da ɓ duk sun zama "?". Ƙasa ta koma "?asa", abin dariya abin haushi.

A wp-config.php, fayil ɗin saitin WordPress, tsarin haruffa utf8mb4 ne a rubuce, amma teburan rumbun bayanan a tsarin latin1 nake ganinsu. Idan na mayar da su utf8mb4, haruffan za su dawo, ko sai na sake kwasowa daga tushe? Gyara da hannu kam ba zan iya ba.