Maida tsohon sito ɗakunan haya, sai an nemi izini ko ko?

Ɗan Mabera:
Assalamu alaikum 'yan uwa, don Allah masu sani ina biɗar shawara. Akwai wani tsohon sito da mahaifinmu, Allah ji ƙan shi, yab bar muna nan unguwar Mabera cikin Sakkwato, da can fatu da albasa aka ajewa ciki, yanzu ko rufe yake sai ɓeraye. Munka yi shawara da ƙannena mu yanka shi ɗaki ɗaki mu zuba 'yan haya tunda ɗalibai na ta neman wuri. Ba sabon gini za mu tayar ba, bango na nan kwano na nan, bulo kawai za mu ja ciki mu fasa ƙofofi. To wai wanga ma sai an nemi izini? Wani yac ce min tunda C of O, wato takardar shaidar mallakar fili, na hannu ba ruwan kowa.

Mai Zanen Gida:
Wa alaikumus salam. Malam wanda yag gaya maka haka bai karanta takardar ba. Ɗauko C of O ɗin ka duba, akwai wurin da anka rubuta abin da anka ba da filin don shi, ko zama ko kasuwanci. Tun dokar ƙasa ta 1978 filin cikin gari hannun gwamna yake, kai aro anka ba ka, galibi na shekara 99, kuma da sharaɗi. Sannan dokar tsara birane ta 1992 ta lissafa canza amfanin wuri cikin abin da ka buƙatar izini, ko da ba ka aza bulo guda ba. In takardarku kasuwanci ta ce, sai ka nemi canjin amfani a ma'aikatar filaye, ka sa a yi maka zane ka kai hukumar tsara birane ta jiha su sa hannu. Kuma da alama takardar sunan marigayi ke kai, to ku fara da wannan, duk magada su yarda a rubuce, kuma za a tambaye ku ko kun biya kuɗin ƙasa.

Bawan Allah:
Kai dai yi aikinka malam, rabin gidajen hayar garin ga wa yan nemi izini? Ka ga mai unguwa kawai shi ke nan.

Mai Zanen Gida:
Ganin mai unguwa na da kyau amma ba shi ka hana a shafa maka jan fenti a bango ba. Ranar da za a faɗaɗa hanya ko a ja lambatu, sannan mutum ka sanin amfanin takarda, wajen maganar diyya.

Basakkwace a Ingila:
Abin da kake tambaya akwai shi nan Ingila, tun 2013 gwamnati ta ba da dama a maida ofisoshi gidajen zama ba tare da cikakken izini ba, sanarwa kawai za ka kai ƙaramar hukuma su duba 'yan abubuwa kamar ambaliya da hanyar mota. An samu gidaje da yawa kam, amma wallahi wasu ba su yi kama da wurin zaman ɗan Adam ba, ɗakuna 'yan mitsi mitsi, har akwai inda anka tsara wasu ba taga ko guda. Dole sunka dawo sunka gyara, 2020 anka ce sai ɗaki na samun hasken rana, 2021 kuma anka sa mafi ƙanƙantar gida na mutum guda kar ya kasa murabba'in mita 37. To nan da sanyi ne ma, ina ga Sakkwato watan Afrilu da zafi ka wuce digiri 40, ɗaki tsakiyar sito ƙarƙashin kwano ba taga ba silin, ga wuta ba tabbas. Ni wannan yaf fi damu na bisa ga takardar.

Hajiyar Arkilla:
Ɗana ka ji ta nan ma. Sito ba a gina shi da bayi ba, ina za ka haƙa sokawe, ina ruwan wanka za shi bi? Mabera da kowa ya san halinta da damina, in ka saki ruwa a lungu kai da maƙwabta ne. Sannan tagogin da za ka fasa ka lura kar su leƙa tsakar gidan mutane, mata na ciki, kai kuma samari za ka zuba. Mun ga inda abu kamar wanga ya kai mutane gaban alƙali bayan an gama kashe kuɗi.

Ɗan Mabera:
Na gode ƙwarai, Allah saka da alheri. Hajiya maganar taga ta shige ni, don bangon gabas manne yake da gidan mutane, ke nan ɗakunan sai dai su kalli yamma mu bar fili tsakiya, ka ga adadin ya ragu kenan. Na duba takardar, kasuwanci anka rubuta kuma sunan baba ne. Mai Zane, canjin suna za mu fara ko ana iya tura su tare da zanen?