Agwagwar Assam mai farin fiffike: keji ne zai cece ta ko daji?

Mai Kiwo: Jama'a, ana cewa agwagwar nan tana neman ƙarewa, ni dai ban ga abin wahala ba wajen ceto ta. Wannan agwagwa ta dazukan jihar Assam a Indiya da Myanmar da tsibirin Sumatira, wadda mutanen Assam ke kira deo hanh, wato agwagwar aljanu, saboda kukanta da daddare, tana yin ƙwai kusan goma a zama ɗaya, ta kwanta kwana 33. Da can ma masana sun lissafa ta dangi ɗaya da agwagwar da muke kiwo. A tara ta a keji, ta hayayyafa, a saki 'ya'yan, shi ke nan.

Likitan Dabbobi: Alhaji, an gwada. Tun wajen 1970 aka kai wasu daga Assam zuwa cibiyar tsuntsayen ruwa ta Slimbridge a Ingila, kuma sun yi ƙyanƙyasa. Abin da ya karya lissafin shi ne tarin fukan tsuntsaye. Ƙwayar cutar tana daɗewa a laka da kashin tsuntsu, agwagwa ta tsince ta wajen kiwo, ta kama hanta da saifa. Za ka ga tana ci amma tana ramewa, ƙashin ƙirji ya fito kamar wuƙa, kafin a gane sai ta mutu. Wannan jinsi ya fi yawancin agwagi rauni a kanta. Ƙari kuma, na keji daga iyaye kaɗan suka fito, jinin ya yi kusa.

Mai Kiwo: To a gyara kejin mana, Likita. Daɓen siminti, ruwa mai gudu, a riƙa kwashe ƙasar sama.

Likitan Dabbobi: Hakan yana rage cutar, na yarda. Amma ina za ka sake su?

Malamar Jami'a: Nan ne gizo ke saƙa. Ba agwagwar fili ba ce. Tana son kududdufi ko rafi mai tafiya a hankali a cikin kurmi, inda rassa suka rufe ruwan da inuwa. Da magariba da asuba take fitowa ta ci dodon koɗi, ƙananan kifi, ƙwari da tsirran ruwa, da rana ta laɓe a kan itace. Sheƙarta a kogon bishiya take, sama da ƙasa da 'yan mitoci. Macen tana iya kai kilo 3, to ku auna girman kogon da zai ɗauke ta da ƙwanta. Sai tsohuwar bishiya, kuma ita mai yankan katako yake fara nema. Daji yana iya zama kore shar, a ce an kare shi, alhali babu kogo ko ɗaya.

Jami'in Gandun Daji: Gaskiyarki, Malama, amma kada mu zuzuta "kare daji" a takarda. Assam ta mai da dajin Dehing Patkai gandun ƙasa a 2021, bayan hayaniyar haƙar kwal a gefensa. A 2020 rijiyar iskar gas ta Baghjan ta fashe kusa da gandun Dibru-Saikhowa, wuta ta ci wata da watanni, mai ya malala cikin fadama. Ruwa bai san iyakar gandu ba. Abin da aka zuba a sama, a kududdufinta zai kwanta.

Mai Kiwo: Kun ga kenan ajiyar keji tana da amfani.

Malamar Jami'a: A matsayin ajiya, e. A matsayin magani, a'a. Ka saki wadda ke ɗauke da cutar, ka kai wa na daji abin da ba su da shi.

Jami'in Gandun Daji: Ni da za a ba ni kuɗin, ga inda zan sa su. A yi wa duk bishiya mai kogo alama a hana sara. Inda babu, a kafa akwatin sheƙa kusa da ruwa, a naɗe gindin da kwano don kada wani abu ya hau. A hana kafa raga a kududdufan lokacin damina, don lokacin 'ya'yan ke kan ruwa ba su iya tashi ba. Masu ɗibar ƙwai kuwa, a ɗauke su aikin gadin sheƙa, su suka san inda take.