'Yata 'yar shekara 6 ta fi ƙarfin ajinsu, in yarda a tsallakar da ita?

Assalamu alaikum iyayena da 'yan uwana. Don Allah a sakaya sunana.

Ina da yarinya 'yar shekara 6, tana aji biyu a wata makarantar kuɗi a nan Kano. Tun kafin ta shiga firamare take karatu da kanta, yanzu har littafin yayanta na aji huɗu take ɗauka ta karance, ta kuma yi masa lissafinsa in ya kakare. Malamarsu ta ce kafin ta gama rubutu a allo yarinyar ta gama aikin, daga nan sai surutu da tsokana. An sha dukanta a kan haka. Abin da ya fi tayar min da hankali, 'yan makonnin nan kullum da safe sai ta ce cikinta na ciwo, amma ranar Asabar lafiyarta ƙalau.

Hedimasta ya kira mu ya ce idan mun amince, shekara mai zuwa za a kai ta aji huɗu kai tsaye. Babanta ya yi murna, ya ce ga ɗaukaka ga sauƙin kuɗin makaranta na shekara guda. Surukata kuma ta ce sam, bakin mutane take tsoro. Ni na rasa ina zan sa kaina. Ba na son in danne mata baiwar da Allah ya ba ta, ba na kuma son in ɗora mata kayan da ya fi wuyanta. Me kuka gani?

Wata malamar firamare daga Zariya:
Wa alaikumus salam, 'yar uwa. Allah ya raya ta. Na daɗe ina koyar da ƙananan azuzuwa, kuma abin da nake fara dubawa shi ne: hadda ce ko fahimta? Yara da yawa suna rera jadawalin sau kamar waƙa, amma ki ce "na ba ki naira 500 ki sayo sukari na 250 da ƙuli-ƙuli na 120, canji nawa za ki kawo?" sai su yi tsuru-tsuru. Ki gwada ta da irin wannan. Ki ba ta labarin da ba ta taɓa gani ba da Turanci, ta karanta, ta rufe littafin ta ba ki shi da Hausa, ki tambaye ta me ya sa wane ya yi kaza. Sannan ki duba hannunta. Kwanyar yaro takan riga yatsunsa girma. A aji huɗu ana kwafar dogon rubutu daga allo, malami yana sharewa yana ci gaba, kuma na ga yara masu kaifin basira suna kuka don kawai ba sa iya cim ma rubutun, har su fara zaton su daƙiƙai ne. Aji uku kuma ba ajin banza ba ne, a nan ake kafa sau da rabawa su zauna daram.

Shawarata, ki nemi makarantar ta bar ta a ajinta, amma lokacin darasin lissafi ta riƙa zuwa aji na gaba, in an gama ta dawo cikin sa'o'inta. Abin da ake buƙata kawai a daidaita jadawalin azuzuwan biyu. A gwada na zango ɗaya. Kuma ki roƙi malamarta ta ajiye mata kwali na musamman da tambayoyi masu wuya da littattafan labarai, in ta gama aiki ta je ta ɗauka. Kada a ƙara mata lissafi iri ɗaya guda ashirin, wannan horo ne. Kada kuma a maishe ta mai rubuta sunan masu surutu, za a haɗa ta gaba da ƙawayenta.

Wani uba daga Katsina:
Hajiya, ki zauna da maigida ku yi lissafin shekaru a takarda. Tana 7 a aji huɗu, 8 a aji biyar. Makarantun kuɗi da yawa ba sa riƙe yara zuwa aji shida, don haka tana 9 ta shiga ƙaramar sakandare, tana 14 tana ajin ƙarshe. Ka'idar shiga jami'a yanzu shekara 16 ce. A 2025 JAMB ta buɗe 'yar ƙofa ga waɗanda ba su kai ba, amma sai yaro ya ci maki 320 cikin 400, sannan a sake tantance shi. Ɗana na fari mun tsallakar da shi aji, ya gama sakandare ya zauna a gida kusan shekara biyu yana jiran shekarunsa su cika. Kuɗin da muke ganin mun rage, a darasin share fage da sake jarrabawa suka tafi.

Wata likita daga Kaduna:
Ni an tsallakar da ni sau biyu, na shiga makarantar kwana ina 'yar shekara 9. A aji ba wanda ya taɓa wuce ni. A ɗakin kwana kuwa ban iya wanke kayana su fita ba, manya suna aikena ɗebo ruwa, ƙawayena suna hirar abubuwan 'yan mata da ban san kansu ba, sai in yi shiru in koma gefe. Na yi shekaru ban da aminiya ko ɗaya. Ga 'ya mace wannan tazarar takan fito fili lokacin balaga. Game da ciwon cikin, a fara kai ta asibiti a duba, amma ciwon da ke zuwa da safiyar makaranta ya ɓace a ranar hutu sau da yawa damuwa ce. Ki tambaye ta a hankali, lokacin kitso ko kwanciya, me take tsoro a makarantar. Ina zaton bulalar ce, kuma wannan ya kamata a tsayar tun gobe, ko an tsallakar da ita ko ba a tsallakar ba.

Wani malamin sakandare daga Gusau:
Ina girmama maganar waɗanda suka riga ni, amma kada a mai da tsallake aji abin tsoro gaba ɗaya. Ni ban yi aji uku ba, tsallake shi na yi, kuma alheri ya zame min, don lokacin har na fara guje wa makaranta saboda gundura. Yaron da aka bari shekara da shekaru yana cin ɗari bisa ɗari ba tare da ya yi gumi ba, ranar da ya haɗu da abu mai wuya bai san yadda ake dagewa ba. Ina ganinsu a ajina. Sai dai ni na shiga firamare a makare, don haka tsallaken cikin sa'o'ina ya mai da ni. Taki tana aji biyu da shekara 6, ta riga ta yi gaba da shekara guda. In har za a tsallakar, to a yi alƙawari da makarantar cewa za ta yi aji shida cikakke.

Wata uwa daga Dutse:
Ki tuna akwai inda ake karɓar irin waɗannan yaran nan gaba. Akwai makarantar gwamnatin tarayya ta masu hazaƙa a Suleja, NECO ke shirya jarrabawar shigarta. Mu a Jigawa muna da ta Bamaina. Ku a Kano kuna da kwalejojin kimiyya, Dawakin Tofa da Dawakin Kudu na maza, Garko ta mata, ana shiga bayan ƙaramar sakandare. Duka jarrabawa ce mai zafi, wanda tushensa ya yi ƙwari shi ke ci. A yanzu ki faɗaɗa mata a gida: ki sa ta auna miki gari da kofi in za ki yi cincin, ta lissafa in an ninka, ki koya mata dara, ku yi kacici-kacici, ta rubuta tatsuniyar kakarta da Hausa. Ki kai ta ɗakin karatu na Murtala Muhammad ta ga littattafai jere. A Islamiyya kuma ki yi magana da malaminsu, a can ba a ɗaure yaro da aji sosai, mai saurin hadda yakan yi gaba da izunsa.

Wata Hajiya daga Sakkwato:
'Yata, maganar surukarki ma abin ji ce. A daina tsayar da yarinya gaban baƙi ana cewa karanta musu. Ki riƙa yi mata addu'ar tsari safe da yamma. Kuma ki lura da yayan nan nata, kada a riƙa ce masa "ƙanwarka ta fi ka". Yana ji, yana ajiyewa a ransa.

Mai tambaya:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Mama, maganar yayanta ta taɓa ni, wallahi ni da bakina na sha faɗa masa haka. Jiya na gwada ta da lissafin canji ta ce 130 nan take, amma da na ce ta kwafi layi shida sai ta gaji a na huɗu ta ce hannunta na ciwo. Na nuna wa babanta lissafin shekarun, ya yi shiru, ya ce Litinin tare za mu je wurin hedimasta mu nemi a gwada zuwa darasin lissafi a aji uku, a kuma yi maganar dukan. Malama ta Zariya, in suka ce jadawalin ba zai daidaitu ba, me zan nema a madadinsa?