Motocin da Baba ya bar mana: in saida ko in riƙe?

Mai tambaya: Salamu alaikum ƴan uwa, don Allah ku ba ni shawara, barci ya gagare ni. Mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, da mota guda ya fara a nan Tawa, yana kai ƴan ci-ranin Adar Abijan, shi ne direba, shi ne mai yankan tikiti. Da manyan kamfanoni irin su Rimbo suka zo da kar, wato manyan motocin fasinja, masu sanyi, masu tashi kan lokaci, sai ya bar layi ya koma shata: ƴan rakiyar amarya, ƴan Mauludin Kiota, magoya bayan ƴan kokowa lokacin gasar takobi. Kar biyu suka rage, duk sun tsufa. Tun da aka rufe iyakar Benin a 2023 kayan gyara suka yi tsada. Ƙannena na son a raba gado, ni kuwa so nake in saida su in cika da bashi in sayi sabuwar kar guda ƙirar Yutong.

Tsohon direba: Yaro, kada ka kuskura. Shata kasuwar lokaci ce. Da damina wa zai ɗauke ka? Banki bai san damina ba, asiransi ma haka. Mota guda in ta mace maka a Dogonduci, da me za ka kwashe mutane? Biyu tsofaffi sun fi sabuwa ɗaya.

Wata Hajiya: Tsofaffin ne fa matsalar! Bikin ɗiyata muka yi shatar wata, ta lalace kafin Ƙonni, muka kwana bakin hanya da amarya da jarirai. Ko sisi ba a maido mana ba.

Wani malami: Ɗana, gado fa? A fidda haƙƙin kowa tukuna. Bashin banki kuma akwai riba a ciki.

Mai tambaya: Allah gafarta Malam, ba cin haƙƙinsu zan yi ba. In aka raba, kowa ƙarfe zai samu, sunan Baba ya ɓace daga tasha. Hajiya, namu ba su taɓa kwana da fasinja a hanya ba.

Tsohon direba: To ka ji, ka riƙe su. Ka nemi kwantiragi da makaranta ko ƙungiya mai biya duk wata, ka riƙa auna gazuwal da kanka, can kuɗin ke zurarewa.

Wani mamba: Nawa ake bin ku yanzu? Ba ka faɗa ba.

Mai tambaya: Wannan maganar gida ce. Jibi dai mai saye zai zo daga Yamai ya duba su.