Kwamfutar da ba ta shan wuta, don shagon buga takardu

Mai shago, Kawo:
Salamu alaikum. Shagona a kan sola yake, batir ɗaya 12V 100Ah. Raspberry Pi 5 (kwamfuta mai girman tafin hannu) zan saya ko ƙaramar kwamfuta mai firosesan Intel N100?

Injiniya, Barnawa:
Wa alaikumus salam. Ɗauki N100, Alhaji. A takarda 6W aka rubuta wa firosesan, amma kwamfutar gaba ɗaya tana shan kusan 10W a zaune, wajen 25W in aiki ya yi nauyi. Batirinka 1,200Wh ne (12V sau 100Ah, yawan wutar da yake ajiyewa), in ba lithium ba ne rabi kawai za ka ci, wato 600Wh. Haɗe da allo mai 20W, ka samu awa 13 zuwa 20. Firintar laser ba ta cikin lissafin nan fa, ɗaruruwan watt take ja idan tana ɗumama.

Malam, Tudun Wada:
Pi 5 mai 4GB ta fito a 2023 kan dala 60, amma sai ka ƙara cajarta mai 27W, fanka, akwati da katin ajiya. Arhar ta gudu. Ga shi firosesanta ARM ne, ba irin na Intel ba, Windows da manhajar firinta sai an sha fama.

Mai gyara, Kakuri:
Kada ka jona kwamfutar mai N100 kai tsaye da batir. Lokacin caji yana hawa 14.4V, zai iya ƙona ta, sa regulato mai riƙe 12V a tsakani. Ƙurar hunturu kuma tana toshe fanka, firosesa ya yi zafi ya rage gudu. A riƙa hure ta.